Makin da Ɗakin Inna Ya Ci

Bulo ɗari bakwai na sa aka jibge a tsakar gidanmu na Anka, daidai ƙofar ɗakin Inna, kuma awaki ne suka fara cin moriyarsa. Kafin mako ya zagayo sun mai da shi wurin hawa da sauka, babban bunsurun gidan kuwa can ƙololuwa yake yini yana kallon kowa a raine. Niyyata ba ɓoyayyiya ba ce. So nake in rushe ɗakin laka da Inna ta yi shekara arba'in tana kwana a ciki, in yi mata na bulo da rufin kwano kafin damina ta sauka. Na riga na yi magana da birkila, mun tsai da rana.

Ba tsagewa ɗakin ya yi ba. Kawu, yayan Inna, wanda gini ne sana'arsa tun yana saurayi, shi ya gina shi lokacin da za a kawo ta gidan, marigayi Babanmu yana miƙa masa tubali. Soro ne mai rufin azara da ƙasa, bangonsa kuwa in ka tsaya a bakin ƙofa sai ka ga kamar cikin lungu kake. Laifinsa ɗaya a idona, na laka ne. A garinmu in ɗa ya samu aiki, ba takalminsa ake dubawa ba, rufin ɗakin uwarsa ake dubawa. Ni kuma abin ya zo mini da ƙarin nauyi, domin gini na karanta, kuma a wani ɗan kamfanin gine-gine nake aiki a Gummi. A wani taron suna wani abokin wasana ya ce a gaban jama'a, "Ga mai yi ma gwamnati bene, tsohuwa tana cikin tukunya." Aka yi dariya, na taya su, amma a ranar na ƙudura abin da na ƙudura.

Sai dai akwai abin da ya kamata in bayyana tun yanzu. Ni ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na gaishe ta, randa take amsa wa. In tana da saƙo, sai ta ce wa ƙanwata, ina zaune kamu biyu daga inda take, "Hwaɗa ma mutumen Gummi tuwo nai ya huce." Ƙanwar tawa malamar firamare ce, gidan mijinta yana bayan namu, bakinta kuwa ba ya da ƙofa. Ita ce gidan wayarmu ni da Inna tun tana 'yar shekara bakwai, kuma har yau takan ce ba a taɓa biyanta ba.

Ranar da aka sauke bulo na durƙusa a ƙofar ɗakin na yi wa Inna bayani, na ce kafin ruwa za ta shiga sabon ɗaki. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, can ta ce wa faifan, "Allah shi yi albarka." Na tashi ina jin kaina wani babba.

A daidai wannan tsakanin ne ogana, injiniyan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ofis ya ce ya sa sunana a wani kwas na wata uku. Ya ce masu ba da aikin asibitoci da makarantu sun fara tambayar ko kamfani yana da wanda ya san sharuɗɗan gini mai kiyaye muhalli, irin wanda ake duba shi a ba shi takardar shaida. Na ce, "Yallaɓai, mu da ke neman wanda zai biya mu kuɗin siminti, wa zai tambaye mu muhalli?" Ya ce in rufe baki in buɗe waya.

Ta waya ake karatun. Wata malama ce daga nesa take turo darasi da murya da takardu, mu kuma ɗalibai muna warwatse a garuruwa, ba wanda ya taɓa ganin wani. Lokacin muna gina ajujuwa a wani ƙauye na Bukkuyum, inda sabis ɗin waya ba ya kamawa sai a kan tarin yashin da ke bayan gini. Can nake hawa da azahar, in ɗaga waya sama, leburori suna cewa ga oga yana kiran ruwa.

Makon farko dariya na yi ta yi. Akwai babi guda a kan yadda za a tsare ɗumi a cikin ɗaki kada ya fita. Na karanta shi a watan Maris, gumi yana ɗiga a kan takardar. Amma da aka shiga cikin abin sosai sai na ga ba shirme ba ne. Tushen maganar mai sauƙi ne. Ana ɗaukar gininka a gwada shi da irin ginin da kowa ke yi a wurin, a ga wutar lantarki nawa zai rage ci, ruwa nawa zai tsimi, kuma kayan da aka yi shi da su wace irin wuta da wace irin tafiya suka ci kafin su iso. Kowane fanni da makinsa. In maki ya kai, sai wani mai bincike ya zo ya duba da idonsa, a ba gini takarda. Akwai kuma fannin lafiya da jin daɗin masu zama a ciki, wato iska da haske da zafi da ƙura.

Ban taɓa tunanin cewa buhun siminti yana da tarihi ba sai a kwas ɗin nan. Dutse ake fasawa a ƙona shi da wuta mai tsanani, sannan tirela ta ɗauko shi ta yi ta cin mai har Gummi. Na koyi cewa dogon gefen gini ya kamata ya kalli arewa da kudu, don kada rana ta yi ta dukansa safe da yamma. Na koyi cewa taga ɗaya ba ta shigo da iska, sai an ba iskar wata hanyar fita. Na koyi cewa bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai gari ya yi sanyi. Wasu daga cikin waɗannan an taɓa faɗa mana a makaranta, amma a lokacin jarrabawa kawai muke hange.

To ni mutum ne da in na koyi abu sai kowa ya ji a jikinsa. Na zama fitina. In muka shiga mota daga Gummi zuwa Anka, duk ginin da muka wuce sai na ba shi maki da ƙarfi. Na taɓa tsayawa bayan sallar Juma'a ina yi wa wani dattijo bayanin cewa tagogin shagonsa sun kalli yamma, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko zan sayi wani abu. Matata ta ce in na sake yi mata maganar famfon da ke ɗiga tana cikin girki, za ta ba ni ludayi in ƙarasa.

A wata na biyu Malama ta ba mu aikin gida. Kowa ya zaɓi gini biyu a wuri ɗaya, ya auna zafin cikinsu safe da rana da yamma har kwana uku, ya duba su bisa sharuɗɗan da muka koya, sannan ya cika wata takardar tambayoyi daga bakin wanda ke zaune a ciki. Nan take na san waɗanda zan zaɓa. A gidanmu na Anka akwai ɗakin bulo da kwano da na gina lokacin aurena, inda muke sauka ni da iyalina in mun zo ƙarshen mako. Zan gwada shi da ɗakin Inna. Na ce a raina, ga aikin makaranta, ga kuma hujja a rubuce cewa rushewar da zan yi daidai ce. Saura kwana goma sha biyu birkila ya zo.

Na ari ma'aunin zafi guda biyu, na rataye ɗaya a ɗakina, na ba ƙanwata ɗaya ta rataye a na Inna. Inna ta bi shi da kallo ta tambayi ƙanwata ko laya ce ta 'yan boko.

Ranar farko da azahar na duba nawa, na je na duba na Inna, na ce ma'aunin ya lalace. Na musanya su. Rana ta biyu abin bai canza ba. Tsakiyar bazara ce, irin ranar da ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Ɗakina, mai farin fenti da labule da silin, zafinsa ya kusa kamo na waje. Ɗakin Inna kuwa in ka shiga sai ka ji fatar jikinka ta saki. Ba yau na fara shigarsa ba, a cikinsa aka haife ni, amma ban taɓa shiga da biro a hannu ba.

A rana ta uku na tarar da matata da yaranmu biyu a ɗakin Inna, sun baje, ƙaramar tana goye a bayan Inna. Na ce wa ƙanwata ina jin daɗin yadda matata ke son Inna, kullum da rana tana wurinta.

Ƙanwata ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Yaya, kai ka ɗauka so na? Tana son ta, ba mu ce a'a ba. Amma tanda wagga da kag gina, wa ka iya zama ciki da rana? Ko kai, ba zaure kake gudu ba?"

Gaskiya ta faɗa, zaure nake gudu.

Da na zauna lissafin maki sai abin ya ƙara muni, ko in ce ya ƙara kyau. Ƙasar ɗakin Inna daga kududdufin bayan gari aka ɗebo ta, a kan jaki. Azarar daga fadama. Ba ya buƙatar fanka, balle a yi maganar wutar da ba ma samu. Ƙofarsa tana kallon kudu, ga wata 'yar taga can sama a bangon arewa, wadda tun ina yaro nake zaton don kyanwa aka yi ta. Ɗakina ya sha kaye a kusan kowane layi. Na ɗauki takarduna na nufi gidan Kawu.

Kawu ya tsufa, ya daina hawa gini, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Tun ranar da aka sauke bulo bai taka gidanmu ba, ni kuma ban lura ba sai a lokacin. Na karanta masa sakamakon, ina fassarawa. Ya gyara zama a kan buzunsa.

"Injiniya," haka yake kirana in zai yi mini tsiya, "watau sai da kab biya kurɗi, wata mata tak kira ka ga waya, kannan kas san ɗakin uwarka shina da sanyi?"

Na ce ba ni na biya ba, kamfani ne.

"To kamfani ya yi asara. Da kun zo nan, goro biyu ya isa."

Ya yi mini bayanin yadda suka bar ƙasar ta kwana bakwai tana ruɓa da ciyawa kafin a taka ta, da yadda ya juya ƙofar don kada ruwan gabas ya riƙa bugunta. Duk abin da ya faɗa sai in ce, "Akwai shi a babi na huɗu," shi kuma ya ce babi na huɗu ya gaishe shi. Mun yi hira har la'asar ta yi sanyi, irin wadda ba mu taɓa yi ba.

Daga nan sai na yi abin da na saba, na tsallake daga wannan gefe na faɗa wancan. Na kira birkila na ce an fasa. Na tsaya a tsakar gida na yi shela cewa ɗakin Inna ba za a taɓa shi ko da farce ba, yadda Kawu ya gina shi haka zai tsaya, domin ya fi duk ɗakunan unguwar nan daraja. Na je na durƙusa na gaya wa Inna. Tana kaɗi a lokacin. Ta ce wa mazarin, "Allah shi yi albarka."

Saura takardar tambayoyi. Tambaya goma sha biyar ce, kuma daga bakin mai ɗaki ake so. Na dube ta na dubi ƙofar Inna. Ta yaya zan zauna gaban matar da ba ta taɓa tambayata ko na ƙoshi ba sai ta bakin wani, in ce mata, "Shin kina gamsuwa da zagayawar iska?" Ai na san amsoshin, in ji ni. Na zauna a zaure na cika takardar tsaf da hannuna, na tura.

Bayan kwana biyu ina kan tarin yashi a Bukkuyum saƙon Malama ya shigo. Ta yaba awon da na yi, ta ce aikina yana cikin waɗanda suka fi burge ta. Sannan ta ce, cikin ladabi mai ciwo, tana so ta san a wace makaranta mahaifiyata ta karanta gini, domin ba ta taɓa jin dattijuwa ta ce bangonta yana jinkirta shigowar zafi da awa shida ba. Ta ce mai bincike ba ya amsa wa mai gida tambaya, ko da uwarsa ce. In sake, ko in rasa makin fannin gaba ɗaya.

Kunya ta kama ni a kan yashin nan, na sauko ba tare da na kalli kowa ba.

Ranar Asabar na kai ƙarata wurin ƙanwata. Ta ja mini rai yadda ta ga dama, ta ce sai na kawo mata kifin Gummi busasshe, na yi alkawari. Muka shirya abin yadda al'ada za ta ɗauka. Ita ta shiga ciki ta zauna kusa da Inna da takarda, ni na shimfiɗa tabarma a waje jikin bango, kusa da ƙofa, da littafi a cinya. Kowa ya san ina nan, kowa ya yi kamar ba na nan.

Tambayoyin farko sun tafi da daɗi. Da aka tambaye ta zafi, Inna ta ce, "Ɗakinga da bazara ba ni da abin cewa gare shi. Ko Makka an ka kai ni, in rana ta yi, shi zan tuna." Da aka tambaye ta haske, ta ce wanda ke son haske ya fita waje, Allah ya zuba shi kyauta. Da aka tambaye ta ko hayaniyar waje tana damunta, ta ce hayaniya ɗaya ce ke shigowa, ita ce mai riƙe da takarda. Ina waje ina rubutu ina danne dariya, ina cewa a raina, ga shi nan, abin da na rubuta ne, kalmomi ne kawai suka bambanta.

Sai ƙanwata ta karanto ta tara. "Inna, an ce da damina fa? Kina barci lahiya?"



"In hadari ya taso ni ba ni kwanciya," in ji Inna. "Zaune nike har shi wuce. Azara ta tsuhwa, ƙasa tana shan ruwa ta yi nauyi. Tun shekarar da soron maƙwabta yaf faɗi, in an ka fara ruwa kunnena na bisa. Kwanoni huɗu nika jerawa don yoyo, na san inda kowane ka zama."

Biro ya tsaya a hannuna. Ni da damina a Gummi nake, in na zo kuma ɗakina nake shiga in ji ruwa yana kiɗa a kan kwano, in yi barcina.

Ƙanwata ta sassauta murya ta karanto ta gaba, wadda ke tambaya ko akwai wani abu a ɗakin da mai shi ke ganin zai cutar da lafiya.

"Daɓen nan," in ji Inna. "Kin tuna da nij je Dareta gaisuwa, shekarar da yara sun ka yi ta mutuwa? Gida ukku nis shiga rana ɗaya. Likitoci sun ka ce ƙasa ta, dalmar dutsen zinarin da a ka dakawa cikin gidaje ta shiga cikinta. Ƙasa wadda yaro ka rarrafe bisa, shi sa hannu baki. Na ga an kankare tsakar gidaje an kwashe. Na san nan ba a taɓa daka dutsen zinari ba, na sani. Amma tun rannan ban aje jika bisa daɓen ga ba. Goyo nika yi, ko baya na ciwo."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin ƙaramar 'yata a ƙasa a ɗakin ba. Kullum tana baya ko a cinya, ni kuma ina cewa kaka ta sangarta ta.

Da sauran tambayoyin takarda suka ƙare, sai ƙanwata ta ƙara tata. "To Inna, da an ka kawo bulo, kin so ko ba ki so ba?"

"Na yi kuka dare ukku don bangon nan. Hannun ubanku na jikinai. Amma nic ce, to, aƙalla in samu siminti ƙasa wanda a ka wankewa, da rufin da ba ya faɗo ma mutum. Nih haƙura. Da an ka ce an fasa, nij ji daɗi don bango, nic ce kuma damina ta bana sai zaune."

"Mi hana ki hwaɗi?"

"In hwaɗa ma wa? Yaro ya yi niyyar alheri, in ce mashi ba haka ba?"

Ban san lokacin da hawaye ya sauko mini ba. Sau biyu na yanke hukunci a kan ɗakin da ba ni ke kwana a ciki ba, sau biyu ina jiran a yaba mini, kuma sau biyun ta sa mini albarka tana haɗiye abin da ke ranta. Na ji haushin kaina ƙwarai. Na tashi na naɗe tabarmar a hankali na bar wurin, don kada ta ji ina jan hanci ta shiga wata kunyar.

Washegari da sassafe ina gidan Kawu, kuma a karon nan ban ɗauki takarda ba. Hadari ya riga ya fara leƙowa ta gabas da maraice, manoma suna ta sharar gona. Abin da ya rage mana bai fi mako uku ba. Na ce masa bango zai tsaya, amma rufi da daɓe sai an taɓa su.

Muka yi ta gardama kwana biyu. Ni na ce a yi wa bangon filastar siminti ta waje, Kawu ya ce siminti da laka ba sa zaman aure, shekara biyu za su rabu, ruwa ya shiga tsakaninsu. Na koma na duba littafina na tarar ya yi gaskiya, ban gaya masa babin ba. Shi kuma ya ce kwano ba zai hau ginin da ya yi ba yana raye. Na zana masa a ƙasa da tsinke yadda za a yi. Za a sauke tsohuwar ƙasar rufi, a canza azarar da ta ci, a mayar da ƙasa mara nauyi, sannan a ɗaga kwano a samanta da tazarar kamu guda, iska tana wucewa tsakani. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Bakin kwanon kuma a sako shi ya yi tsawo, ya rufe bango daga feshi. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Watau malafa za ka sa mashi." Na ce malafa ce. Ya ce in dai malafa ce ya yarda.

Inna ta koma gidan ƙanwata na ɗan lokaci. Kawu ya sa aka kawo masa kujera tsakar gida, yana zaune da sanda yana ba da umarni, yana zagin kafinta da birkila ba bambanci. Oga ya ba ni hutun mako guda, ya ce in ɗauki hotuna don kamfani. Bulon nan da ya jawo komai, kaɗan daga ciki muka yi dakali da shi kewaye da gindin bango, don kada ruwa ya ci shi ta ƙasa. Sauran na yi wa Inna makewayi da madafa. Muka kankare tsohon daɓe muka zuba siminti, aka goge shi sumul. Na sa aka haɗa bakin kwanon da bututu zuwa wani tanki, don ruwan sama ma akwai makinsa, kuma Inna ta daɗe tana cewa ruwan rijiyarmu ba ya kumfa.

Na sake tura wa Malama takardar da amsoshin Inna yadda ta faɗe su, har da maganar mai hayaniya. Ta ce wannan ita ce takarda. Jarrabawar ƙarshe kuma na je Gusau na rubuta ta a kwamfuta, na ci, ba da wani maki na a zo a gani ba. Ɗakin Inna dai ba wanda zai zo daga birni ya ba shi takardar shaida, kuma ba ta nema ba.

Da aka gama aikin ɗakin, ƙanwata ta rako Inna. Ta tsaya a ƙofa, ta shafa bango, ta ɗaga kai ta dubi sababbin azara, ta taka simintin da tafin ƙafa. Ba ta ce komai ba, ko ga randa. Hankalina bai kwanta ba, domin yanzu na san shirunta da albarkarta duk ba a karanta su da sauƙi. Na tambayi ƙanwata, ta ce in jira ruwa.

Ruwan bai zo ba sai bayan kwana tara, ranar wata Juma'a. Mun taso daga Gummi ni da iyali da hantsi, muka iso Anka, na tafi masallaci. Ana sallamewa iska ta taso, kafin in kai gida an kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na shigo a jiƙe sharkaf, ban nufi ɗakina ba, na zagaya bayan na Inna ina duba ko akwai inda ke yoyo. Ruwa yana sauka daga bakin kwano nesa da bango, tanki yana ta ƙara. Na zagayo gaba na tarar da ƙanwata tsaye a ƙofar ɗakin, ta ɗan ɗaga labule. Na buɗe baki zan tambaye ta, ta ɗora yatsa a leɓe ta matsa mini in leƙa.

'Yata tana zaune a kan siminti, ba tabarma ba zane, tana buga murfin kwano da tafin hannu. Inna kuwa tana kan gadonta, ta juya wa ƙofa baya, carbi ya zame daga hannunta. Aka yi wata tsawa da ta girgiza gidan, ba ta ko motsa ba.

Ƙanwata ta saki labulen a hankali. Ta ce, "Yaya, tahi ka canza riga. Kuma kada wanda ya tashe ta, ko la'asar ta yi."